Maitokondiriya da Alaƙarsu da Ciwon Zuciya, Ƙiba da Ciwon Suga

Maitokondiriya wasu ƙananan sassa ne da ke cikin kusan kowace ƙwayar halitta ta jikin ɗan Adam, ban da jajayen ƙwayoyin jini. Su ne ke ƙona suga da kitse da taimakon iskar oksijin, su samar da sinadarin ATP wanda tsoka ke motsi da shi. Bajamushen masanin kimiyya Carl Benda ne ya raɗa musu suna a 1898. Suna da nasu DNA mai ƙwayoyin gado 37, kuma daga uwa ake gadonsa.

Zuciya ce ta fi dogara da su, domin kusan sulusin kowace ƙwayar tsokarta maitokondiriya ne, kuma ATP ɗin da take ajiyewa na 'yan daƙiƙoƙi ne kawai. Idan jijiyar da ke kai mata jini ta toshe, aikinsu yakan tsaya. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne, ko da jinin ya dawo, oksijin ɗin da ya kwararo farat ɗaya yakan sa su fitar da sinadarai masu lahani, wata kafa ta buɗe a bangonsu na ciki, wasu ƙwayoyin tsokar da suka tsira da farko su mutu.

A wajen mai ƙiba, abinci yakan fi ƙarfin abin da maitokondiriya suke iya ƙonawa, sai ragowar kitse ta taru a tsoka da hanta ta hana insulin (sinadarin da ke rage suga a jini) aiki, wanda shi ne mafarin nau'i na biyu na ciwon suga. Motsa jiki yana ƙara yawansu a tsoka, kamar yadda masanin kimiyya John Holloszy ya nuna a kan ɓeraye a 1967.

Akwai kuma wani nau'in ciwon suga da aka bayyana a 1992, wanda tawaya a DNA ɗin maitokondiriya ke haddasawa, yana zuwa tare da raunin ji. Ana yawan ɗaukarsa a matsayin suga na yau da kullum, alhali mai shi sau da yawa siriri ne, bai manyanta ba. Shi ya sa ya dace likita ya tambayi irin wannan majinyaci: "Malam, a dangin mahaifiyarka akwai mai suga ko mai matsalar ji?" Uwa tana iya gadar da shi ga 'ya'yanta maza da mata, amma uba ba ya gadar da shi.