Tsarin awon mita a Legas

Tsarin mita shi ne awon da ake yi da mita, kilo da lita, inda kowane mataki ke ninka na ƙasa da shi sau goma. Shi ne awon hukuma a Najeriya, ko da yake kasuwannin Legas ba su rungume shi duka ba.

Asali

A Faransa aka ƙirƙiro shi lokacin juyin juya hali, domin kusan kowane gari yana da nasa ma'aunin. Daga 1792 masana taurari biyu, Delambre da Méchain, suka shafe shekaru suna auna tazarar garin Dunkirk na Faransa zuwa Barcelona ta Sipaniya, don a fitar da mita daga girman duniya kanta. Dokar 1795 ta tabbatar da sunayen ma'aunan, a 1799 kuma aka ajiye sandar mita a Faris. Talakawa ba su yi na'am da shi nan take ba, har Napoleon ya sassauta a 1812, sai a 1840 ya zama dole. Ƙasashe 17 suka sa hannu kan Yarjejeniyar Mita a 1875, ciki har da Amurka, wadda har yau mil da fam take amfani da su.

Shigowa Najeriya

Turawan Ingila sun bar wa Najeriya yadi, mil da galan, yayin da Nijar da Dahomey (Jamhuriyar Benin ta yau) suka gaji mita daga Faransa. Gwamnatin Gowon, wadda ke zaune a Legas, ta sauya zuwa tsarin mita a farkon shekarun 1970, kusan lokaci guda da komawa tuƙin dama a 1972 da fitowar naira da kwabo a 1973. Kafin zuwan Turawa, Hausawa na awo da kamu, gaba da mudu.

A kasuwa

Fetur da lita ake sha, buhun siminti kilo 50 ne. Amma a kasuwar Mile 12, wadda sunanta ma daga mil yake, 'yan gwari da kwando suke sayar da tumatir, kuma ba mai tambayar nauyinsa. Shinkafa da wake ana auna su da darika, wato gwangwanin tumatirin De Rica, ko da robar fenti, a cika har ya yi tozo. Turmin atamfa yadi shida ne.

Muhawara

Wasu na ganin tsarin a matsayin wani tasirin Turai da ya danne awon gargajiya. Wasu kuwa na cewa lambobin da aka gina shi a kansu daga Indiya suka fito, ta hannun Larabawa suka isa Turai.