Kiwon kifin Copperband a Abuja: tambayoyi da amsoshi

Wane irin kifi ne wannan?

Kifin ado ne da ake ajiyewa a tankin gilashi. Sunansa na kimiyya Chelmon rostratus, daga dangin kifayen teku da ake kira da sunan malam-buɗe-littafi saboda kalolinsu. Fari ne mai ratsin ruwan lemo, da baƙin ɗigo kamar ido kusa da wutsiya, da dogon baki siriri. Yana kai kusan santimita 20. Asalinsa tekunan Indonesiya, Filifin da arewacin Ostireliya.

Me ya sa ake cewa yana da wuya?

Ci ne matsalarsa. A teku yini yake yana zura bakin nan cikin ramukan duwatsu yana zaƙulo tsutsotsi da ƙananan halittu. Ka zuba masa busasshen abincin gwangwani, sai ya zo ya duba, ya juya abinsa. Da yawa haka suke ramewa har su mutu, alhali ruwan lafiya lau. Don haka kada ka biya kuɗi sai mai sayarwa ya ba shi abinci a gabanka ka ga ya haɗiye, ba ya tsotsa ya tofar ba. Dubi bayan kansa kuma: in wurin ya lotsa, yunwa ta riga ta ci shi, bar shi.

A gida a fara da ƙananan jatan lande daskararru da ake kira mysis, ko a buɗe ɗanyar ƙumba, wato halittar ruwa mai ɓawo biyu, a ajiye a ƙasan tanki ya riƙa tsattsaga. Kaɗan-kaɗan, sau uku a rana. Kuma kada a haɗa shi da kifaye masu haɗama, kafin ya yanke shawara sun cinye.

Zan iya haɗa ruwan da gishirin girki?

A'a. Gishirin tanki na musamman ake saya, kimanin giram 35 a kowace lita, cikin ruwan da aka tace da na'urar RO, mai cire ma'adanai da datti daga ruwa, ba na burtsatse kai tsaye ba. In ruwa ya ragu saboda zafi, da ruwa mara gishiri ake cikawa, domin gishirin bai tafi ko'ina ba. Tankin kada ya gaza lita 300, kuma ya yi watanni yana aiki da duwatsu masu rai, wato duwatsun teku masu ɗauke da ƙananan halittu.

Zafin Abuja fa?

Kifin yana son digiri 24 zuwa 27. A Maris da Afrilu ɗaki mara na'urar sanyi yana wuce haka nesa, sai da injin sanyaya ruwa. Mutanen Jos kuwa hita za su nema lokacin hunturu. Wuta ma abin lura ce: in aka ɗauke, famfo ya tsaya, iskar ruwan takan ragu cikin sa'o'i. A ganina wanda bai da inbata ko sola ya haƙura tukuna.

Gaskiya ne yana cinye Aiptasia, ƙananan halittun teku masu harbi da ke addabar tanki?

Wasu suna ci, wasu ko kallo. In ma ya cinye su tas, dole ka ci gaba da ciyar da shi.