Waiwaye: tsohuwar gardamar son kai da sadaukarwa

A majalisun Kaduna, daga Tudun Wada har Kawo, ba a rasa mai jefo karin maganar nan: so duka so ne, amma son kai ya fi. Nan take wani zai mayar masa da cewa alheri danƙo ne. Gardamar nan ta girmi garin nesa ba kusa ba.

A 1651 masanin falsafa Thomas Hobbes na Ingila ya rubuta cewa duk abin da mutum ya yi da ganin damarsa, wani amfani yake hangen wa kansa. Masanin tattalin arziki Adam Smith ya zo a 1776 ya ce ba tausayi ke sa mahauci da mai burodi su ciyar da mu ba, ribarsu suke nema. Masu kafa hujja da shi sukan manta cewa tun 1759 ya rubuta cewa a ɗabi'ar ɗan Adam akwai damuwa da halin da wani ke ciki. A ƙarni na 19 Auguste Comte na Faransa ya ce aikin mutum shi ne ya rayu don wasu. Ayn Rand, haifaffiyar Rasha da ta koma Amurka, ta yi fatali da wannan, har a 1964 ta kira son kai halin kirki. Sai Peter Singer a 1972 ya kawo misalin yaron da ruwa zai ci a gabanka: in za ka cece shi ko da tufafinka sun ɓaci, me ya raba shi da mai yunwa a ƙasa mai nisa?

Malamanmu sun riga su shiga maganar, kuma a ganina sun fi su kama bakin zaren. Aya ta 9 a Suratul Hashri ta yabi Ansaru da fifita wasu a kan kansu alhali suna cikin buƙata. Amma da Sa'adu bin Abi Waƙƙas ya nemi bayar da kashi biyu bisa uku na dukiyarsa yana jinya, Annabi (SAW) ya tsayar da shi a sulusi, ya ce barin magada cikin wadata ya fi barinsu suna roƙo. Wato tambayar ita ce: haƙƙin wa ka sadaukar? Naka, ko na waɗanda ke ƙarƙashinka?

Kaduna ta ga nau'in farko, wato sadaukar da haƙƙin kai, da idonta. A daren 15 ga Janairun 1966 an kashe Hafsatu tare da mijinta Sardauna, kuma labarin da aka fi bayarwa shi ne ƙin barinsa ta yi. A rikicin shekarar 2000 ma an sami Musulmi da Kiristoci da suka ɓoye maƙwabtansu, suna sane da abin da ka iya biyo baya.

Nau'i na biyu kuwa shi ne ke ci wa magidanta tuwo a ƙwarya yau. Ma'aikaci ya karɓi albashi, ƙauye na kiran waya, kuɗin makarantar 'ya'yansa na jira. In ya aika, uwargida ta ce gida bai ƙoshi ba an kai wa dawa. In ya riƙe, dangi su ce birni ya canja shi.