Ɓarakar Tsaro da Faci a Manhajojin Kula da Izinin Shiga

Manhajar kula da izinin shiga ita ce wadda kamfani ko hukuma ke ɗora wa alhakin tantance duk wanda zai taɓa kwamfutocinta da bayananta. Ita ke tabbatar da cewa mutum shi ne wanda ya ce shi ne, ita kuma ke yanke masa iyakar inda zai kai. Ɓarakar tsaro kuwa kuskure ne da aka yi wajen rubuta manhajar ko wajen saita ta, wanda mai kutse zai bi ya shige ba tare da izini ba. Gyaran da kamfanin da ya ƙera manhajar ke fitarwa don toshe kuskuren shi ake kira faci.

Kowace manhaja na iya samun ɓaraka, sai dai ta wannan rukuni ta fi muni. A zamanin da ganuwa ke kewaye da birnin Sakkwato, mai shiga sai ya bi ta Ƙofar Rini ko Ƙofar Kade ko wata daga cikin sauran ƙofofin, don haka duk wanda ya rinjayi mai tsaron ƙofa ya huta da haura katanga. Haka abin yake a nan. Wanda ya mallake manhajar tantancewa ba ya buƙatar fasa rumbun albashi daban, na imel daban, domin kowannensu zai karɓe shi a matsayin ɗan gida.

Yadda take aiki

Ma'aikaciya ta iso ofis da safe, ta rubuta sunanta da kalmar sirri, wataƙila ta ƙara da wasu lambobi shida da suka shigo wayarta. Babbar kwamfutar da ake kira saba ta duba, ta gamsu, sai ta ba burauzarta wani ɗan rubutu mai tsawo wanda ke zama tikitin shiga. Daga nan har a tashi aiki, duk manhajar da ta buɗe tikitin nan kawai za ta duba, ba za ta sake tambayar kalmar sirri ba. A kan wannan sauƙin aka gina tsarin, kuma a nan rauninsa yake, don tikitin bai san hannun da ke riƙe da shi ba.

Akwai ƙa'idojin da manhajoji ke bi wajen miƙa wa juna wannan shaida. Kerberos ta fito daga jami'ar MIT ta Amurka a shekarun 1980, kuma a kanta Microsoft ya dogara a Active Directory, tsarinsa na kula da asusun ma'aikata, da ya zo tare da Windows 2000. SAML 2.0 ta fito a 2005, OAuth 2.0 a 2012, OpenID Connect a 2014. Cikin manhajojin da ake girkawa a sabar kamfani akwai Oracle Access Manager da ForgeRock da Keycloak, akwai kuma waɗanda ake haya ta intanet irin su Okta da Microsoft Entra ID. A kusa da su akwai na'urorin VPN na Citrix da Ivanti da Fortinet, waɗanda ta cikinsu ma'aikaci ke shiga kwamfutocin ofis daga gida.

Ire-iren ɓaraka

Mafi hatsari ita ce wadda ke ba baƙo damar gudanar da umarni a kan saba tun kafin a tambaye shi suna. An ga irinta a ForgeRock OpenAM a tsakiyar 2021, mai lamba CVE-2021-35464 a rajistar ɓarakoki, inda manhajar ke karɓar ƙunshin bayanai daga waje ta warware shi ba tare da ta bincika abin da ke ciki ba. Oracle Access Manager ma ta samu makamanciyarta, CVE-2021-35587.

Wata kuma daga lissafin ɓoye sirri take tasowa. Misalin da ya fi shahara shi ne Zerologon, CVE-2020-1472, wadda Tom Tervoort na kamfanin Secura da ke ƙasar Holan ya gano a hanyar da kwamfutocin Windows ke bi su gabatar da kansu ga sabar da ke shugabantar su. Lissafin na buƙatar a fara shi da lambar da aka zaɓa a kan gaibu kowane lokaci, sai aka bar ta a sifili. Sakamakon haka, idan mai kutse ya aika saƙon da babu komai a cikinsa sai sifili, kusan sau ɗaya cikin 256 saba za ta amince da shi. Ba a kuma sa iyakar yawan gwaji ba, saboda haka daƙiƙu kaɗan sun isa. Da zarar ta amince, sai ya mayar da kalmar sirrin sabar kanta ta koma fanko, dukkan asusun ma'aikatan wurin su faɗo hannunsa. Microsoft ya fitar da faci a Agustan 2020, sannan ya tilasta sabon tsarin a kan kowa a Fabrairun 2021.

Sai zubar bayanai. A ɓarakar da aka laƙaba wa Citrix Bleed, CVE-2023-4966, mai kutse na aika wa na'urar buƙata mai tsawon da ya wuce kima, ita kuma wajen ba da amsa sai ta haɗo da abin da ke cikin ma'ajiyarta ta wucin gadi, har da tikitocin mutanen da ke ciki a lokacin. Mai riƙe da tikitin wani ba ruwansa da kalmar sirri, ba ruwansa da lambar da ake turowa waya, tunda mai asusun ya riga ya tsallake masa waɗannan matakai.

Akwai kuma satar makullin da saba ke sa wa tikiti hannu da shi. Wanda ya samu wannan makulli shi zai riƙa buga wa kansa tikiti da sunan duk wanda ya ga dama. Masu bincike na CyberArk sun bayyana dabarar a 2017, aka kuma yi amfani da ita a kutsen da aka yi ta manhajar kamfanin SolarWinds, wanda aka bankaɗo a ƙarshen 2020.

Lamba da maki

Tun 1999 cibiyar MITRE ta Amurka ke kula da rajistar CVE, inda kowace ɓaraka ke samun lambarta mai ɗauke da shekara, don kada mutum biyu su yi ta musu alhali abu ɗaya suke nufi. Ma'aunin CVSS kuma yana ba da maki daga 0 zuwa 10, kuma daga 9.0 zuwa sama ana ɗaukar abin a matsayin mai tsanani ƙwarai. Zerologon ta samu 10, ta Oracle da ta ForgeRock kowacce 9.8. Makin yana auna girman ɓarnar da za a iya yi, amma ba ya faɗin ko an fara yin ta. Shi ya sa a Nuwamban 2021 hukumar CISA mai kula da tsaron intanet a Amurka ta buɗe jerin ɓarakokin da aka tabbatar ana kai hari ta cikinsu. Ga jami'in da ke da hannu biyu da aiki goma, wannan jerin ya fi makin amfani wajen sanin da wanne zai fara.

Faci da tseren da ke biyo bayansa

Manyan kamfanoni na da ranakun da suka tsayar. Tun Oktoban 2003 Microsoft ke fitar da nasa a Talata ta biyu ta kowane wata, da hantsi a agogon yammacin Amurka, wanda ke faɗowa wajen magariba a Sakkwato, lokacin da ofisoshi sun riga sun watse. Oracle kuwa sau huɗu yake yi a shekara: Janairu, Afrilu, Yuli da Oktoba. In abu ya yi zafi akan fitar da na gaggawa ba tare da jiran rana ba.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, fitar da faci tona asirin ɓarakar ne. Masu kutse na sauke sabuwar manhajar su gwada ta da tsohuwa, inda suka ga an canza nan ne ciwon yake. Lokacin da kamfanin VMware ya fitar da gyaran manhajarsa ta izinin shiga, Workspace ONE Access, a ranar 6 ga Afrilun 2022, CISA ta ce cikin awa 48 maharan sun warware gyaran sun fara kai hari a kan waɗanda ba su girka ba. A ɗaya ɓangaren kuma jinkirin masu girkawa kan kai watanni. Oracle ya toshe CVE-2021-35587 a Janairun 2022, amma a Nuwamban shekarar sai da CISA ta sa ta a jerinta, don har lokacin akwai sabobin da ke buɗe kuma ana shiga ta cikinsu.

Jinkirin ba kullum ne sakaci ba. Idan aka kashe sabar tantancewa don a yi mata faci, kowa a wurin ya tsaya cak. Idan facin ya yi karo da wata tsohuwar manhaja da ake biyan albashi da ita, jami'in da ya girka shi ne zai sha tambaya, alhali in ya bari ba wanda zai sani sai ranar da abin ya faru. Wannan ne ke sa a yi ta cewa sai wani sati. Maganin da aka sani shi ne a ajiye sabar gwaji, a kwafi bayanai kafin a fara, sannan shugabanni su amince tun da wuri cewa akwai sa'o'in da za a dakatar da aiki.

Abin da faci ba ya gogewa

Nan ne manhajojin izinin shiga suka bambanta da sauran, kuma nan ne aka fi yin asara. Faci na hana sabon shiga. Kalmomin sirri da tikitoci da makullan da aka riga aka kwashe kuwa suna nan da ransu, saba za ta ci gaba da karɓarsu.

An yi wa na'urar VPN ta Pulse Secure faci a Afrilun 2019 kan CVE-2019-11510, wadda ke ba da damar karanta fayilolin na'urar har da kalmomin sirri. Shekara guda bayan haka, a Afrilun 2020, CISA ta yi gargaɗin cewa ana ci gaba da shiga wuraren da suka girka facin, saboda ba su canza kalmomin da aka sace tun kafin gyaran ba. Citrix ya fitar da facin Citrix Bleed a ranar 10 ga Oktoban 2023, sai kamfanin tsaron intanet na Mandiant ya gano cewa tun ƙarshen Agusta ake amfani da ɓarakar, kuma tikitocin da aka sace na iya ci gaba da aiki bayan faci muddin ba a soke su ba. Ta wannan ɓaraka gungun LockBit masu garkuwa da bayanai don kuɗin fansa suka shiga wani sashe na Boeing, kamfanin Comcast kuma ya sanar cewa bayanan abokan cinikin sashensa na Xfinity kusan miliyan 36 sun fita.

A Janairun 2024 abin ya kai ga CISA ta umarci hukumomin tarayyar Amurka su cire na'urorin Ivanti Connect Secure daga layi kafin ƙarshen ranar 2 ga Fabrairu. Kafin a mayar da su sai an goge su sun koma yadda suka fito daga masana'anta, an girka sabuwar manhaja. An kuma umarci a canza kalmomin sirri har sau biyu, a soke tikitoci. Wannan umarni ya nuna cikakken aikin: faci, soke duk tikitocin da ke aiki, canza makullai, sannan a bi kundin shige da fice a ga ko akwai sabon asusun da ba wanda ya san wa ya buɗe shi.

Masu hayar manhaja ta intanet sun huta da girka faci, domin mai ita ke yi. Duk da haka a Oktoban 2023 an shiga sashen taimakon abokan ciniki na Okta aka kwashi fayilolin da suka turo don a duba musu matsala, waɗanda wasunsu ke ɗauke da tikitoci masu rai.

Doka a Nijeriya

Dokar laifukan intanet ta 2015, bayan gyaran 2024, ta wajabta kai rahoton kutse ga cibiyar ngCERT da ke ƙarƙashin ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro cikin awa 72. Dokar kare bayanai ta 2023 ma ta ba da awa 72 a sanar da hukumar kare bayanai ta NDPC idan bayanan jama'a suka fita ta yadda za a iya cutar da su. Babban Bankin Nijeriya ya fitar wa bankuna tsarin tsaron intanet a 2018, ya sabunta shi a 2024. Hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta NITDA da ngCERT kan wallafa gargaɗi idan wata babbar ɓaraka ta ɓulla.

A Sakkwato

Reshen banki ko ofishin kamfanin waya a Sakkwato ba shi ke yi wa sabar tantancewa faci ba, daga hedikwata a Legas ko Abuja ake yi, reshe dai ya ga sanarwar cewa za a dakatar da aiki da dare. Nauyin ya fi sauka a kan cibiyoyin da ke riƙe da nasu da kansu: manyan makarantu masu shafin rajistar ɗalibai, asibitoci masu ajiye bayanan marasa lafiya, ma'aikatun gwamnati masu lissafin albashi, da masana'antu. Gari ne mai Jami'ar Usmanu Danfodiyo da asibitin koyarwarta, da jami'ar jiha, da kwalejin fasaha ta Umaru Ali Shinkafi, da masana'antar siminti a Kalambaina, don haka masu shiga da suna da kalmar sirri kowace safiya ba kaɗan ba ne.

Wahalhalun wurin na zahiri ne. Na'urar da wuta ta ɗauke mata ana tsakiyar girka sabuwar manhaja na iya ƙin tashi gaba ɗaya, shi ya sa jami'i mai hankali ba ya farawa sai ya leƙa ɗakin batir ya ga sun cika, ya kuma tabbatar akwai mai a janareta. A bazara, tsakanin Maris da Mayu, zafi kan haura digiri 40, kuma ɗakin saba da na'urar sanyayawarsa ta tsaya ba wurin sake kunna kwamfuta ba ne. Zaɓen lokaci ma aiki ne: ba a taɓa sabar makaranta ana rajista, ba a taɓa ta albashi a ƙarshen wata, saboda haka yammacin Juma'a bayan an sauko daga masallaci zuwa Lahadi ne ya fi dacewa, in akwai mai zama.

Sai kuɗi. Kamfanoni da dama ba sa barin a sauke faci sai ga wanda yarjejeniyar kulawarsa ke da rai, kuma da dala ake lissafa ta. Tun da darajar naira ta faɗi bayan sauyin tsarin canji na Yunin 2023, sabunta irin wannan yarjejeniya ya ƙara nauyi a kasafi. Inda ɗan kwangila daga wani gari ya girka manhajar ya tafi, akan tarar asusunsa na mai cikakken iko yana nan a buɗe, kuma ba wanda ya san wace siga ke kan sabar. Don haka matakin farko a irin wannan wuri shi ne a rubuta sunan kowace manhaja da na'ura da sigarta da ranar da mai ita zai daina fitar mata da gyara. Wadda ta wuce wannan rana ba ta da faci ko an biya, sai dai a cire ta daga intanet har a samu madadinta.