Kunkurun teku da kififiya

Kunkurun teku da kififiya, wadda wasu ke kira kunkurun ruwa, dangin juna ne: dukkansu da huhu suke numfashi, kuma a tudu suke yin ƙwai. Amma wanda masunci ya ciro a Matan Fada ta Argungu, ko a Neja wajen Yawuri, ko a madatsar Bakalori, kififiya ce komai girmanta. Kunkurun teku ba ya hawowa gulbi ya yi wannan nisa. Irinsa bakwai ne a duniya, biyar daga ciki suna shigowa tekun Gini, inda gaɓar Najeriya take.

Ƙafa ce ke fara raba gardama. Ta kififiya tana da yatsu da farata, da fata tsakanin yatsun kamar ta agwagwa, don haka tana iyo, tana tafiya, tana hawa kututture ta sha hantsi. Ƙafafun gaban kunkurun teku kuwa dogaye ne masu faɗi kamar filafilin jirgi, da farce ɗaya ko biyu kacal, wani irin ma ba shi da ko ɗaya. Da su yake tuƙa kansa, na baya su saita masa hanya. A kan yashi sai jan ciki da kyar. Kuma ba ya iya janye kai ko ƙafa cikin ƙoƙonsa.

Kififiyoyin Kebbi da Zamfara kashi biyu ne. Masu taurin ƙoƙo, wato Pelomedusa da Pelusios a sunan kimiyya, ba sa janye wuya kai tsaye, lanƙwasa shi suke yi gefe guda. Pelusios har da wani ƙyaure a ƙirji wanda ke rufe gaba. Pelomedusa ba ta cika wuce santimita 20 zuwa 30 ba, kuma idan aka kama ta takan saki wani ruwa mai ɗoyi. Kashi na biyu masu laushin baya ne, fata ce ta lulluɓe ƙoƙon, hancinsu dogo kamar bututu. Babbarsu, Trionyx triunguis, tana da farata uku a kowace ƙafa, kuma takan kusan kai mita ɗaya. Wuyanta na da tsawo ƙwarai, tana iya juyowa ta ciji wanda ya riƙe ta a gefe, shi ya sa ake kama ta ta can baya.

Gishiri shi ne babban abin da ya raba su. Ƙodar waɗannan dabbobi ba ta iya fitar da gishirin teku. Kunkurun teku yana da wasu gaɓoɓi kusa da ido da ke tace gishirin su zubar da shi. Hawayen da ake gani a fuskar uwa lokacin da take ƙwai ke nan, ba kuka ba ne. Ƙananan kififiyoyi ba su da wannan, idan suka daɗe a ruwan teku jikinsu ne zai ƙafe. Trionyx ce ke da ɗan juriya, don akan same ta a bakin teku. Matsalar kififiya rani ce: idan tabki ya janye, Pelomedusa kan binne kanta a laka har ruwan farko ya sauka.

Wajen girma babu haɗi. Kunkurun teku mai bayan fata yakan kai mita biyu, ya haura kilo 500, ya nutse fiye da mita 1,000. Gabon na cikin manyan wuraren da yake ƙwai. Macen kunkurun teku kan koma yankin da aka ƙyanƙyashe ta, ta fito da dare, ta haƙa rami da ƙafafun baya, ta zuba ƙwai kusan 100 masu laushin ɓawo, ta sake dawowa bayan kamar mako biyu. Ƙyanƙyasa na ɗaukar wata biyu. Zafin yashi ke yanke jinsi: sama da digiri 29 mata su fi yawa, ƙasa da haka maza. 'Ya'yan suna bin inda ya fi haske, don haka fitilun gari kan ɓatar da su daga teku.

Dukkansu ruwa na iya cin su. Kififiyar da ta shiga gura, wato tarkon kifi, ko ta maƙale a ragar kalli, idan ta kasa ɗagowa ta shaƙi iska, mutuwa take yi. Haka kunkurun teku a komar jiragen jatan lande, shi ya sa ake sa wa komar ƙofar kuɓuta. Yarjejeniyar CITES, wadda ƙasashe suka ƙulla kan cinikin namun daji da tsirrai, ta hana cinikin dukkan kunkurun teku tsakanin ƙasashe.

Wanda ake iya rikitawa da kififiya a nan Arewa shi ne kunkurun tudu, mai tudun baya da ƙafafu kamar na giwa, ba fata tsakanin yatsu. Shi ba ya iyo. Wanda ya jefa shi gulbi da sunan taimako, nutsar da shi ya yi.