Sifaniyanci: kalmomi da nahawun matakin farko

Sifaniyanci harshe ne da ya samo asali daga Latin, dangin Faransanci da Fotugis da Italiyanci. Waɗanda suka tashi da shi a matsayin harshen uwa sun kusa miliyan 500, mafi yawansu a Latin Amurka, ƙasar Meziko ce kuma a kan gaba. Yana cikin harsuna 6 na Majalisar Ɗinkin Duniya. A Afirka, harshen hukuma ne a Ikwatoriyal Gini, maƙwabciyar Nijeriya ta teku. Masu shi na kiran sa español ko castellano. Akwai saɓani kan wanda ya fi dacewa, amma duka biyun ana amfani da su.

Tarihi

Harshen ya tsiro ne a yankin Kastila da ke arewacin Sifen. Ana danganta rubuce-rubucensa na farko da wajajen ƙarni na 10 ko na 11, wasu 'yan bayanai ne da malaman kirista suka yi a gefen littattafan Latin. A shekarar 711 rundunar Ɗariƙu bin Ziyad ta tsallaka daga Arewacin Afirka zuwa Sifen, mulkin Musulmi a can, wato Andalus, ya ci gaba, yana faɗaɗa yana raguwa, har faɗuwar Garnaɗa a 1492. Wannan zama na kusan shekara 800 ya bar kalmomin Larabci a harshen, ana ƙiyasta su da kimanin 4,000. Daga ciki akwai azúcar (sukari), arroz (shinkafa), aceite (mai), almohada (matashin kai) da alcalde (magajin gari), wadda tushenta ɗaya da alƙali na Hausa. Ita kuwa ojalá, da ake faɗa wajen fatan alheri, daga wata jimlar Larabci ce mai ambaton yardar Allah. Wanda ya yi Islamiyya zai iya gane wasu daga cikin irin waɗannan.

A wannan shekara ta 1492 ne Antonio de Nebrija ya wallafa nahawun harshen na farko, a ita ce kuma jiragen Kolumbus suka isa nahiyar Amurka. An kafa hukumar daidaita harshen, Real Academia Española, a Madrid a 1713.

Furuci

Haruffa 27 ne, har da ñ mai sautin "ny". Wasula 5 ne kamar na Hausa, sai dai babu dogo da gajere, babu karin sauti mai sauya ma'ana. Ba a furta h, ana furta j kusa da "kh" na Larabci. Bambancin pero (amma) da perro (kare), wanda ke wahalar da Turawan Ingila, bai cika damun Bahaushe ba, tunda harshensa ya saba kaɗa r. Inda yake tuntuɓe shi ne p da f.

Nahawu

Kowane suna namiji ne ko mace: el libro (littafi), la casa (gida). Yawancin masu ƙarewa da -a mata ne, kamar a Hausa, kuma kamar yadda gida da ruwa suka fita daga ƙa'idar, haka el día (yini) ya fita. Sifa kan biyo bayan suna: casa blanca, farin gida.

Aikatau rukuni 3 ne, masu ƙarewa da -ar, -er da -ir. Ƙarshen kalmar ne ke nuna mai aikin, shi ya sa akan bar wakilin suna: hablo (ina magana), hablas (kana ko kina magana), hablamos (muna magana). Nan ne haddar take da yawa. Sai ser da estar, aikatau biyu masu ma'anar kasancewa: soy de Kaduna na nufin ni ɗan Kaduna ne, estoy en Kaduna kuwa ina Kaduna yanzu. A madadin "kai" ko "ke", ana ce wa tsara tú, babba kuma usted. Tambaya a rubuce na farawa da alamar ¿ a juye.

A Kaduna

Faransanci da Larabci ne harsunan waje da aka fi koyarwa a makarantu. Matasa sun fi jin kalmomi irin su El Clásico da La Liga a gidajen kallon ƙwallo na Tudun Wada da Kawo, masu son koyon Sifaniyanci kuma na iya amfani da manhajojin waya kamar Duolingo. Takardar shaidar ƙwarewa ta DELE tana ƙarƙashin Instituto Cervantes, cibiyar Sifen mai yaɗa harshen, wadda aka kafa a 1991.