Paranoid: Yadda 'ya'yan talakawan Birmingham suka yi faifan da ya kafa kiɗan hebi metal

Ranar 18 ga Satumba, 1970, ƙungiyar mawaƙa ta Black Sabbath ta fitar da faifanta na biyu, Paranoid. Duk wanda ya bi salsalar hebi metal, kiɗan nan mai rugugin jita da ganguna, sai sawu ya kai shi ga wannan faifai. Ina ganin an daɗe ana yi masa gurguwar fahimta, shi ya sa na tattara waɗannan tambayoyi.

Su wane ne Black Sabbath?

Samari huɗu ne daga Aston, unguwar ma'aikata a Birmingham, birnin ƙarafa da masana'antu na Ingila. Tony Iommi ke kaɗa jita, Geezer Butler na kaɗa jitar bas kuma shi ke rubuta yawancin baitoci, Bill Ward na kan ganguna, Ozzy Osbourne kuma shi ke rerawa. Sun haɗu a 1968, suka yi wasa da sunan Earth, sannan a 1969 suka ari sunan wani fim na ban tsoro na 1963. Sun tashi ne a unguwar da ba ta gama farfaɗowa daga bama-baman yaƙin duniya na biyu ba. Ozzy ma har a mayanka ya yi aiki. A lokacin da matasan Kalifoniya ke waƙar furanni da soyayya, su hayaƙi da ƙarar injina suka sani, kuma abin da suka sani shi suka kaɗa.

Daga ina wannan nauyin sauti ya samo asali?

Daga haɗari. Iommi yana ɗan shekara 17, a ranarsa ta ƙarshe a wata masana'antar sarrafa ƙarfe, inji ya datse masa kan yatsu biyu na hannun dama, na tsakiya da wanda ke bi masa. Shi kuwa bahago ne, da hannun daman yake danna tsirkiya. Ya fidda rai da kiɗa, har shugabansa na wurin aiki ya kunna masa faifan Django Reinhardt, wanda wuta ta nakasa wa yatsu biyu amma ya zama gwanin jita. Sai Iommi ya narka robar kwalbar sabulun wanke-wanke, ya ƙera wa yatsunsa hula, ya lulluɓe da fata, ya koma amfani da siraran tsirkiyoyi masu sauƙin dannawa. Tun da guje-gujen yatsu ya yi masa wuya, sai ya dogara ga gajerun jimlolin kiɗa masu kauri da ake maimaitawa, Butler na binsa sawu da ƙafa da bas. Wannan maimaicin mai nauyi shi ne ginshiƙin hebi metal har yau.

Yaya aka naɗi faifan?

Da gaggawa, domin babu kuɗin zaman situdiyo. Faifansu na farko a yini ɗaya suka naɗe shi cikin Oktoban 1969, ya fito ranar Juma'a 13 ga Fabrairu, 1970. Wata huɗu bayan nan, a Yuni, suka koma Landan tare da furodusa Rodger Bain, suka gama Paranoid cikin 'yan kwanaki a situdiyon Regent Sound da na Island. Ba abin mamaki ba ne. Sun riga sun nuna a gidajen rawa irin Star-Club na Hamburg a Jamus, inda sukan hau dandali sau da yawa a dare guda. Waƙoƙinsu kaɗan ne, dole su riƙa jan su suna ƙara musu sassa, a nan wasu waƙoƙin faifan suka tsiro. Da suka shiga situdiyo kusan kaɗawa kawai suka yi kamar suna gaban jama'a, kuma kunne na jin haka: Ward kan ɗan ja baya ko ya ƙara sauri, kiɗan yana numfashi.

Waƙar da ta ba faifan suna kuwa cikon gurbi ce. An ga akwai sauran fili na kamar minti uku, Iommi ya fito da kiɗa, Butler ya zana baitoci, Ozzy ya rera yana duba takarda. Cikin abin da bai wuce rabin awa ba aka ƙirƙiro waƙar da ta fi duk waƙoƙinsu shahara.

Me ya sa hoton bangon bai dace da sunan ba?

Saboda War Pigs suka so su kira shi, wato aladun yaƙi, kuma don wannan suna aka ɗauki hoton mutum riƙe da takobi da garkuwa. Kamfanin faifai ya sauya suna bayan an gama bango: ga waƙar Paranoid tana tashe, ga yaƙin Biyetnam na ci, ana gudun ɓata wa kasuwar Amurka rai.

Ba waƙar bautar shaiɗan ba ce?

Wannan ita ce tambayar da ta fi damun mutane, kuma tana da dalili. Sunan ƙungiyar na da ban tsoro, sannan a cikin bangon faifansu na farko kamfani ya sa gicciye a kife. Amma a saurari baitocin. Butler a gidan Katolika masu riƙon addini ya tashi, kuma shaiɗanin da yake nunawa da yatsa shi ne mai kitsa yaƙi. War Pigs na zargin janar-janar da 'yan siyasa da tura 'ya'yan talakawa su mutu su kuma suna ɓoye, ta ƙare da ranar hisabi, inda suke rarrafe suna neman gafara. Electric Funeral gargaɗi ce kan makamin nukiliya. Hand of Doom na bayyana yadda hodar heroin ke kashe sojojin Amurka da suka dawo daga Biyetnam. Gicciyen da suke ratayawa ma mahaifin Ozzy ne ya ƙera musu. Ban ce waliyyai ba ne. Giya da ƙwaya sun ci su sosai, har aka kori Ozzy a 1979. Sai dai faifan kansa bai kira kowa zuwa ga sharri ba, tsoratarwa ya yi daga gare shi.

Wace irin karɓa ya samu?

Jama'a sun rungume shi, masu sharhi sun yamutsa fuska. Tun a faifan farko Lester Bangs ya rubuta a mujallar Rolling Stone cewa kamar ƙungiyar Cream suke, amma ba su kai ta ba, kuma wannan raini ya bi su shekaru. Duk da haka Paranoid ya hau mataki na 1 a jerin faya-fayan Birtaniya, waƙar Paranoid kuma ta kai na 4 a jerin waƙoƙi. A Amurka ya fito a Janairun 1971, ya kai na 12 ba tare da gidajen rediyo sun damu da shi ba, aka sayar da fiye da miliyan 4 a can. Yaran masana'antu da 'yan makaranta ne suka yaɗa shi baki da baki. A 2017 ita dai Rolling Stone ɗin ta sa shi na 1 cikin faya-fayan hebi metal 100 mafi girma.

Ina suka ƙare?

A gida. Ranar 5 ga Yuli, 2025, su huɗun na asali suka yi wasan bankwana a filin ƙwallo na Villa Park da ke Aston, bayan ƙungiyoyi irin Metallica da Slayer sun share musu fage. Ozzy, wanda cutar Parkinson ta hana tsayuwa, a zaune ya rera. Waƙa huɗu suka yi, uku daga wannan faifai, suka rufe da Paranoid. Ranar 22 ga Yuli Ozzy ya mutu yana da shekara 76.